Gonar da Na Yanka a Kwance

Shekara goma sha tara ina koyar da lissafi a wata sakandare a Nguru, kuma a duk tsawon shekarun nan sau ɗaya tak aka ba ni abin da ya fi allo girma aka ce in auna. Fadamar mahaifinmu ce. Abin da na yi mata kuwa, har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Baba ya rasu a Gashuwa ya bar mu mu uku. Akwai Yaya Babba, wanda ya zauna da shi a gida, tare suke noma tun yana ƙarami. Sai ni, da aka tura boko. Sai autarmu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, tana turara shinkafa a rabin ganga tana shanyawa tana kai wa masu awo. Innarmu ta riga Baba da daɗewa, bai kuma ƙara aure ba, saboda haka lissafin gadon ko ɗan aji ɗaya zai yi shi: kashi biyar, biyu-biyu ga maza, ɗaya ga mace. Gida da gonar tudu da 'yan tumaki ba su ba mu wahala ba. An kira waɗanda suka san darajarsu, aka daidaita a yini guda, kowa ya tashi ba ƙorafi.

Saura fadama, a hanyar Dagona, a bakin wani reshe na kogi. Ita ce gonar gaske. Da shinkafarta aka ciyar da mu, da ita aka yi wa autarmu kayan ɗaki, da ita aka biya min makaranta har na zama abin da nake taƙama da shi. Ita kuwa autar, kasonta na fadamar nan shi ne duk abin da take sa rai. In ta samu shinkafar kanta, ta huta da sayen shanshera da tsada a hannun 'yan kasuwa, ribar turarawar ta zama tata da marayunta. Na san da haka sarai, kuma na rantse a raina ba za a cuce ta ko da taku ɗaya ba muddin ina numfashi.

Sai na shirya. Na ari tef ɗin awo a wurin malamin wasanni, wanda yake shata filin guje-guje da shi. Na sayi takarda mai gida-gida, na feƙe fensir uku, na ɗauko akwatin lissafina mai kamfas da rula. Maiɗakina ta tsaya tana kallona ina cusa su a jaka, ta ce, "Malam, rabon gado za ka ko jarrabawa za ka sa wa mutane?" Na ce mata ba za ta gane ba. A mota daga Nguru har muka wuce Jajimaji ina zana layuka a kan gwiwata, direba yana faɗawa rami ina gogewa ina sakewa.

Bazara ce, rana kamar ta dafa mutum. Ruwa ya janye can nesa, ƙasa ta bushe ta tsattsage. Tun daga gaɓa har zuwa inda gonar ta haɗu da tudu, baƙar ƙasa ce iri ɗaya, ko'ina ka duba kamar ko'ina. Aƙalla haka ni na gani. Rabona da taka fadamar da damina kuwa tun ina 'yan shekara goma sha biyu, lokacin ma koran tsuntsu ne aikina, shi ɗin ma barci nake yi a kan dakali.

Mun je da Goni, tsohon malamin unguwarmu da ke raba gado, da Bulaman ƙauyen, da maƙwabtan gona kamar su goma. Autar tana gefe a inuwar wata ƙaya, ta ja hijabi har goshi. Yaya Babba ya zo da igiya a kafaɗa da turaku a hannu. Bai ɓata lokaci ba, ya nufi bakin gaɓa zai kafa turke.

Na ce, "Yaya, tsaya tukuna. Yaya za ka yanka?"

Ya ce, "A tsaye mana. Daga ruwa a ja har tudu. Kowa ƙafarsa a ruwa, kansa a sama. Haka su Baba suka raba da 'yan'uwansu."

Na yi murmushin da nake yi wa ɗalibi in ya ba da amsar da ba ita ba. Na shimfiɗa takardata a kan sirdin babur, na nuna masa cewa gaɓar a karkace take, gonar kuma tana faɗi ne in ana hawa sama. In aka ja daga ruwa zuwa tudu, yankunan za su fito wani mai ciki, wani mai wuya, ba wanda zai iya rantsewa girmansu ɗaya. Amma in aka yanka a kwance, layi yana bin layi kamar sahun salla, zan iya fitar da yanki biyar da ko ƙwayar ƙasa ba ta bambanta su ba.

Yaya ya sosa ƙeya ya ce, "Ai ba girman ba ne kawai. Ruwan fa..."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. A nan ne na saki Turanci. Na ambaci sunayen siffofi masu kusurwa huɗu, na kawo ƙa'idar neman faɗin fili, na yi maganar zamani ya canja, na ce awon igiya da taku shi ke haddasa rigima a kotu. Na ma ce a cikinmu akwai mace mai marayu, ba zan yarda a yi mata awon ƙiyasi ba. Wannan ta ƙarshen ita ta kashe bakin kowa. Wa zai yi musu da mai kare marayu? Bulama ya dubi maƙwabta, maƙwabta suka dubi ƙasa. Goni ya ce, "Ni kaso na sani, biyu, biyu, ɗaya. Ƙasa kuwa ku kuka san ta. Abin da kuka yarda da shi shi zan sa wa albarka." Yaya ya sauke igiyarsa ya ce, "To, mai karatu ya faɗa."

Wallahi na ji daɗin ranar nan. Dattawa masu furfura suna riƙe min bakin tef, ina ɗaga hannu ina cewa a matsa hagu kaɗan, a dawo dama. Kowane layi sau uku na auna shi. Wani tsoho na sa shi ya cire turke ya matsar da shi tsawon ɗan yatsa, ya cire ya matsar. Kafin la'asar na fitar da yanki biyar a jere, na farko yana kwance a bakin gaɓa, na biyar yana jingine da tudu.

Sai ƙuri'a, don kada a ce wani ya zaɓa. Kowa ya ba da abu ɗaya aka jefa a hular Bulama: Yaya ƙwayar goro, ni murfin biro, autar ɗan kunnenta. Aka ce wanda nasa ya fara fitowa shi zai fara ɗauka daga bakin ruwa, na biye ya ɗora daga inda ya tsaya. Goni ya kau da kai ya sa hannu. Ɗan kunne ya fito. Ya sake sawa, murfin biro. Ke nan autar ta samu yankin bakin gaɓa, ni biyu na tsakiya, Yaya biyu na sama.

Har da ɗan ƙyashi a raina na je na same ta a inuwa. Na ce, "Auta, kin ci sa'a. Bakin ruwa guda! Mu sai mun jira ya iso mu."

Ta ce, "Haka ne, Yaya Malam."

Goni ya tambaye mu ɗaya bayan ɗaya ko mun yarda. Da ya zo kanta ya tambaya har sau uku, abin da bai yi mana ba. Ni a lokacin na ɗauka kunnensa ne ya yi nauyi. Sau ukun ta ce ta yarda. Aka shafa fatiha, na naɗe tef ɗina na koma Nguru ina jin ko alƙali bai fi ni ba.

Yankuna biyun nan nawa Yaya na bar wa yana nomawa, in an yi girbi ya cire nasa na wahala ya ɗoro min saura a mota. Damina biyu a jere buhuna suna sauka a ƙofar gidana. Ni kuma a ɗakin malamai ba wanda bai haddace labarin ba. Da an taɓo zancen gado sai in gyara zama in ce matsalar mutanenmu rashin ilimin awo ne. Har a aji na mayar da shi misali, na zana fadamar a allo na ce yara su nemo faɗin kowane yanki. Wanda ya ci na ba shi maki goma.

Ba wai ba na kiran autar ba. Ina kira. In ce, "Ya ruwa?" ta ce, "Ya yi gyara." In ce, "Ya yara?" ta ce, "Lafiya lau." Shi ke nan na sauke nauyin zumunci. Sau ɗaya Yaya ya ce min a waya, "Bana ma ruwa ya cinye ƙasa." Na ce Allah ya mayar da alheri, na tambaye shi yaushe za a turo buhuna. Ban tsaya na tambayi kaina wa ke ƙasan ba, alhali ni na sa ta a can da hannuna.

A kaka ta uku muka je ɗaurin aure Gashuwa da abokin aikina, malamin aikin gona, mutum mai shiru-shiru wanda ya fi kowa shan labarina. Da aka watse na ce yau sai ya ga abin da idonsa. Muka ɗauki babur muka kama hanyar Dagona.

Yankunan Yaya na sama muka fara tararwa, shinkafar ba laifi, amma gajera ce, ka san da injin ban-ruwa aka taimaka mata. Sai nawa. Kai, nawa abin kallo ne, ta nuna ta sunkuyar da kai, ruwa iya idon sawu. Na buɗe baki zan fara jawabi, sai na ga gonar ta ƙare. Inda ya kamata yankin autar ya fara, ruwa ne kwance, da kacala, doguwar ciyawar nan da ke cinye fadama, ta fi ni tsawo, tsuntsaye suna ta shiga da fita. Na nemi turakuna ban ga ko ɗaya ba. Wani tsohon masunci yana ciki ruwa iya ƙirji yana ɗaga tarkunan kifinsa.

Abokina ya yi masa sallama ya ce, "Baba, wannan tafkin na waye?"

Tsohon ya yi dariya ya ce, "Tafki? Gona ce, ɗana. Gonar wata baiwar Allah, mai marayu. Ni dai ta ce in riƙa sa tarko, in na samu in kai mata na miya."

"To me ya sa ba ta nomawa?"

"Ta noma sau biyu. Nan ruwa yake fara sauka, shinkafa ba ta kai gwiwa ba ya shanye kanta. Ba ya tafiya kuma sai an gama girbi. Mahaifinta mai gonar, Allah ya ji ƙansa, wannan ƙasan bai taɓa sa shi a lissafin gona ba, in ya samu ya samu, in bai samu ba tsakiya ta rufa masa asiri. Da ya mutu sai wani ɗansa ɗan boko ya zo daga Nguru da zaren awo, ya yanka fadama a kwance." Ya sake fashewa da dariya har tarkon yana rawa a hannunsa. "A kwance! Ni tun da uwata ta haife ni ban taɓa gani ba. Yanzu a garin nan ko kifi ake rabawa, in mutum ya fara kawo wayo sai a ce masa kada ya yi mana irin na malamin Nguru."

 Don kada shiruna ya tona ni, sai na ji bakina yana cewa, "Kai, wannan bai kyauta ba."

Tsohon ya ce, "Ba mugu ba ne, an ce. Sakarai ne dai."

Abokina bai dube ni ba. Ya kafa wa ruwa ido ya ce, "Malam, kai ma ai daga Nguru kake. Ko ka san shi?"

Na ce, "Na san shi, amma ba sosai ba."

Daga nan gidan Yaya na wuce, da fushina, don mai laifi in ya rasa abin yi faɗa yake nema. Na same shi yana gyaran injin ban-ruwa a zaure. Na ce, "Yaya, shekara uku! Me ya hana ka gaya min?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na gaya maka a gaban Bulama. Ka yi min Turanci."

 Ya goge hannunsa da tsumma ya ce duk kaka yana kai mata abin da ya sawwaƙa daga nasa, amma shi ma na saman sai da man inji yake yi, iyalinsa kuma sun fi goma. Ya ce ya so ya ɗiba daga nawa ya ba ta, sai ya ga amana ce, ba zai taɓa ba sai da izinina. Na ce to me ya hana ya nemi izinin? Ya ce, "Kullum na kira ka buhu kake tambaya."

Zan so in ce a ranar na gyara. Ban gyara ba. Mako biyu na yi a Nguru ina shari'a da kaina, kuma ni ne lauyan kaina, ƙwararre. Na ce ai ƙuri'a ce ta ba ta, ba ni ba. Na ce ai an tambaye ta sau uku. Na ma ɗauko tsohuwar takardar na sake bin lissafin, na tarar babu kuskure ko ɗaya, na ji wani sanyi na ɗan lokaci. Sai na yi tunanin in riƙa aika mata buhu biyu duk shekara. Wannan dabarar ta fi kwanta min, don gonar tana hannuna, ga kuma sunan mai kyauta. Da na gaya wa maiɗakina sai ta ce, "Wato ka riƙe haƙƙinta, ka kuma sa ta riƙa yi maka godiya?" Na ce mata ba za ta gane ba, amma a wannan karon muryata ba ta fita sosai ba.

Na koma Gashuwa wurin Goni, na tambaye shi ko za a rushe rabon a sake. Ya ce rabo ya zauna tunda kowa ya furta yarda, Yaya kuma ya riga ya haƙa rijiya a nasa, tayar da shi wata cutar ce. Amma musaya halal ce. In na ga dama in ba ta ɗaya daga yankunana na tsakiya in karɓi nata. Sannan ya dube ni ya ce, "Ka san me ya sa na tambaye ta sau uku? Kai nake jira ka ji."

A hanyar gidanta na tsara jawabi mai kyau. Na kuma tsara nata: za ta yi kuka, ta ce a'a Yaya Malam, rabona ke nan, in nace, ta ƙi, in rantse, sannan ta karɓa tana sa min albarka. Har na tanadi fuskar da zan yi lokacin albarkar.

Na same ta bayan azahar tana wanki a tsakar gida. Na lura murhun turara shinkafar babu ganga a kai, kaji ne kwance a tokar. Ta shimfiɗa min tabarma, muka gaisa. Na fara jawabina daga nesa, daga amanar iyaye da haƙƙin zumunci. Ban kai rabi ba ta gane inda na dosa. Da na furta kalmar musaya ta tsame hannunta daga ruwan sabulu ta ce, "To, na karɓa. Wanne daga ciki, na kusa da Yaya ko na ƙasa?"

Na ce, "Wanda kike so."

"Na kusa da Yaya."

Shi ne ya fi kyau, kuma ta sani. Ta miƙe ta leƙa ta katanga ta ce wa maƙwabciyarta ta turo maigidanta da ƙaninsa yanzu-yanzu, ana neman shaidu. Ni ina zaune da sauran jawabi a baki. Na ce, "Auta, ba ki yarda da maganata ba ne?"

Ta ce, "Na yarda. Amma gara a yi a gaban mutane, kamar yadda aka yi na farkon."

Kafin shaidun su iso na yi mata tambayar da ke cina. Na ce tun ranar ta san abin da yankin nan yake? Ta ce ita da take kai wa Baba abinci gona duk damina, ta yaya ba za ta sani ba? Na ce to don me ta ce ta yarda, har sau uku?

Ta ce, "Yaya Malam, maza goma sha suna tsaye, kai kana cewa don ni kake yi. In buɗe baki in ce ban yarda ba? Cewa za a yi mai takaba ta zo da kwaɗayi. Kuma Baba har ya mutu da karatunka yake taƙama a garin nan. Ban so a yi maka dariya a kan gonarsa ba." Sannan ta ce, "Ashe dai sai da aka yi."

Na tambaye ta ganga. Ta ce ta sayar bara, bayan irin da ta zuba karo na biyu ya tafi a ruwa. Yanzu wankau take yi. Ba da kuka ta faɗa ba, ba kuma da gori ba, kamar dai tana gaya min kuɗin mota. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na ji baƙin ciki irin wanda ban ji ba ko ranar da aka binne Baba, don na ranar can ba ni na jawo shi ba.

Shaidu suka zo, na faɗa da bakina suka ji, aka shafa. Babu wanda ya yaba min. Ɗayansu ma da zai fita cewa ya yi, "Allah ya sa a ga damina lafiya," ya sa takalmi ya tafi.

Na miƙe zan tafi ta ce ban isa ba sai na ci abinci. Ta shiga ɗaki ta fito da kwano a rufe, shinkafa da miyar kifi. Na kai loma biyu, sai na ce, "Wannan ta gonar Yaya ce?"

Ta ce, "Ta kasuwa ce. Da Goni ya aiko cewa za ka zo na je na auno rabin mudu. Mu tuwon dawa muke ci. Ci mana, za ta huce."

A ranar nan akwai buhu shida jingine a ɗakin ajiyata a Nguru, har ina ƙorafin ɓera. Na sunkuyar da kai na ci gaba da ci, don babu yadda zan yi in ajiye. Tana zaune a kan turmi tana kallona, da ta ga miyar ta yi ƙasa ta tashi ta ƙaro min.